ME YA SA MUTUM KE SAYEN TSORO DA KUƊINSA?

Ranar Asabar ɗin da ta gabata ne, bayan sallar La'asar, matasan wata makarantar Islamiyya da ke Unguwar Sarki, Kaduna, nesa kaɗan da Masallacin Sultan Bello, suka shirya wa iyaye da ɗalibai muhadara a kan finafinan ban tsoro. Abin da ya jawo shirya zaman shi ne, malaman makarantar sun lura wasu yara na yawan gyangyaɗi a aji, wasu iyaye kuma suna kawo kukan cewa 'ya'yansu ba sa iya fita alwalar Asuba sai da rakiya. Da aka bi diddigi sai aka tarar yaran na raba dare suna kallon finafinan aljanu da fatalwa a wayoyin yayyensu. Wanda ya gabatar da jawabin wani malami ne haifaffen unguwar, mai koyar da ilimin halayyar ɗan Adam a wata babbar makaranta. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

TAMBAYAR DA MALAM YA FARA DA ITA

Bayan yabo ga Allah da salati ga Manzonsa (S), Malam ya nemi duk wanda ya taɓa kallon fim ɗin ban tsoro ya ɗaga hannu. Samari suka ɗaga. Sai ya ce har da na ɓangaren iyaye yake nufi, kada kowa ya ji kunya. Hannuwa suka ƙaru, aka yi dariya. Ya ce to shi ma yana ciki. Ya ba da labarin cewa yana ɗan shekara goma aka sa kaset ɗin Evil Dead a gidan wani maƙwabcinsu mai bidiyo, yaran layi suka cika ɗaki har bakin ƙofa. Ana tsakiyar kallo aka ɗauke wuta. Ya ce tsakanin gidan da nasu bai fi taku talatin ba, amma sai da ya tsaya a zaure har aka aiko yayansa ya zo ya tafi da shi. Ya yi sati biyu ba ya zagayawa bayan gida da dare. Abin mamakin kuma, da ya ji za a sake sa kaset ɗin, shi ne na farkon zuwa kama wuri.

Malam ya ce wannan shi ne abin da ake son a gane a zaman. Mutumin Kaduna ba baƙon tsoro ba ne. Ya san ranar 28 ga Maris 2022 da aka tare jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna, aka kashe wasu, aka tafi da wasu daji. Ya san ranar 7 ga Maris 2024 da aka kwashe 'yan makaranta a Kuriga ta ƙaramar hukumar Chikun. Ba mai hankalin da za a ba kyautar kuɗi ya yarda ya kasance cikin wancan jirgi. To amma ga shi mutum zai cire kuɗin aljihunsa ya sayi data, ya kashe fitila, ya toshe kunnuwansa da abin sauraro, don kawai a razana shi. Ashe ke nan akwai tsoron da ake gudu, akwai kuma wanda ake bi da kuɗi. Ya ce duk uban da bai san bambancinsu ba, zai yi ta faɗa da ɗansa a banza, yaron kuma ya koma kallo a ɓoye.

DAGA DODON TATSUNIYA ZUWA DODON BANGO

Malam ya ja hankalin mahalarta da cewa kada a ɗauka Bature ne ya kawo wa Bahaushe son jin tsoro. Tun kafin a san majigi, yara na kewaye kakarsu bayan cin tuwon dare tana ba su tatsuniyar Dodo, mai dogon gashi, mai haɗiye mutum ɗungurungum, wanda ke tare yarinya a bakin rafi. Yara za su ƙanƙame juna, wani ya cusa kai cikin zanen kaka, amma tana cewa ƙurunƙus za su ce a ƙara musu wata. Ya ce a lura da abu biyu a nan. Na farko, ba a yin tatsuniya sai da dare, lokacin da duhu ke taya mai labari aiki. Na biyu, mai ba da tsoron ita ce kuma mafakar yaron. Tana ganin fuskarsa. In ta ga abin ya yi masa yawa sai ta sassauta, ta sako Gizo a yi dariya. Kuma a ƙarshe akwai darasi: kada a je rafi da almuru, kada a bi baƙo, kada a ƙi jin maganar iyaye.

Ya ci gaba da cewa da silima ta shigo ƙasar Hausa, ɗaya daga cikin sunayen da mutane suka fara kiranta da shi shi ne dodon bango, saboda ganin mutane na motsi a jikin bango ba jini ba tsoka. An buɗe silimar Rex a Kano a 1937. A ranar 13 ga Mayun 1951 gobara ta tashi a silimar El Duniya, a Kanon dai, mutum 331 suka rasu, jama'a da yawa kuma suka ɗauki abin a matsayin ishara. Wato da farko ita kanta silimar ce abar tsoro, kafin a zo ga abin da ake nunawa a cikinta.

Daga baya ido ya saba. Finafinan Indiya suka mamaye gidajen silima na Arewa, cikinsu har da Nagin na 1976, labarin macijiya mai rikiɗa ta zama mace tana bin waɗanda suka kashe mijinta ɗaya bayan ɗaya. Da bidiyo ya shigo gidaje sai ga na Amurka irin su Evil Dead na 1981. Sannan na kudancin ƙasar nan suka biyo: Living in Bondage a 1992, labarin mutumin da ya ba da matarsa ga ƙungiyar asiri don ya yi kuɗi, fatalwarta ta hana shi sakat, da Nneka the Pretty Serpent a 1994. A yanzu kuwa, in ji Malam, waɗanda suka fi kama matasan Musulmi su ne na Turkiyya, kamar jerin Dabbe da aka fara a 2006 da Siccin da aka fara a 2014, domin su maganar aljanu da sihiri suke yi, ana jin kiran salla a cikinsu, ana ganin malami na ruƙiyya.

Ya ce a nan akwai abin lura. Kowace al'umma da abin da ta yarda da shi take gina tsoronta. Gawar Bature mai shan jini da ke tashi daga akwati ba ta cika hana ɗan Unguwar Sarki barci ba, don ya san ba a layinsu take ba. Amma a nuna masa kango, ko tsamiya da tsakar rana, ko mace mai kofato, nan take tsikar jikinsa za ta tashi, saboda tun yana goye yake jin labarinsu.

ABIN DA KE FARUWA A CIKIN JIKI

Daga nan sai Malam ya shiga bayanin yadda Allah ya tsara jikin mutum. Ya ce a can cikin ƙwaƙwalwa akwai wani ɗan sashe da likitoci ke kira amigdala, guda biyu ne, dama da hagu, kowanne bai fi ƙwayar gyaɗa da yawa ba. Aikinsa kamar na maigadi ne. Da ido ya hango abin da ya yi kama da haɗari, ko kunne ya ji wata ƙara ba zato, maigadin nan ba ya jiran shawara, sai ya busa usur. Nan take wasu 'yan ƙululai da ke zaune a kan ƙoda su zubo sinadarin adirenalin cikin jini. Zuciya ta ƙara gudu, numfashi ya yi sama-sama, ƙwayar ido ta buɗe, tafin hannu ya jiƙe, yawu ya ƙafe. Wani masani Ba'amurke mai suna Walter Cannon ya yi bayanin wannan hali tun 1915, ya ce jiki ne ke shirin ɗayan biyu, ko faɗa ko gudu.

Shi kuwa sashen da ke tunani da auna abubuwa, wanda ke ta wajen goshi, ya fi maigadin nawa. Sai bayan an riga an zabura yake isowa ya ce a kwantar da hankali, igiya ce. Malam ya ce Bahaushe ya riga ya gano wannan da ya ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Kuma rahama ce aka yi shi haka, domin gara mutum ya yi tsalle sau ɗari a kan tsumma da ya tsaya nazari sau ɗaya a kan kububuwa.

To wannan 'yar tazara da ke tsakanin maigadi da mai tunani, a cewar Malam, ita ce gonar da mai shirya fim ɗin tsoro ke nomawa. Ya san mai kallo ya san ƙarya ce, amma ya san maigadin bai san fim ba. Shi ya sa yake rage haske, ya sa kyamara ta bi bayan mutum a hankali, ya ɗauke sauti tsit na ɗan lokaci, sannan ya saki ƙara gaba ɗaya. Ya ce wanda ke shakka ya gwada kashe sautin fim ɗin ya kalli hoton kawai, zai ga rabin tsoron ya zube, wani wurin ma dariya zai ba shi.

Ya kawo wani bincike da wata masaniya mai suna Susan Mineka da abokin aikinta suka yi a Amurka a shekarun 1980. Sun sami birai da aka haifa a ɗakin bincike, ba su taɓa ganin maciji ba, ba sa kuma tsoronsa. Aka nuna musu bidiyon wani biri yana firgita da maciji, sai su ma suka kama tsoronsa. Aka gyara bidiyon ya zama kamar fure birin ke tsoro, aka nuna wa wasu, ba su damu da furen ba. Malam ya ce darasi biyu ke nan: ana koyon tsoro ta hanyar kallo kawai, kuma akwai abubuwan da halitta ta fi saurin karɓar tsoronsu. Ya ce ba banza ba daga Bombay har Legas masu fim suka taru a kan macijiya.

TO INA DAƊIN YAKE?

Malam ya ce masana sun kawo dalilai, zai taƙaita a kan huɗu.

Na farko ya kira shi daɗin yaji. Ya tambayi samari, wa ke cin tsire ba yaji? Barkono zafi yake yi, ido ya yi ruwa, hanci ya zuba, harshe na aika saƙon cewa wuta ta kama. Amma mai ci ya san ba abin da zai ƙone, sai ya ce a ƙara. Wani masani a Jami'ar Pennsylvania mai suna Paul Rozin ya daɗe yana nazarin wannan, ya nuna cewa ɗan Adam na jin daɗin abin da jikinsa ke ɗauka haɗari ne alhali hankalinsa ya tabbata yana cikin aminci. Haka lilo mai tsayi yake a filin wasan Salla, haka fim ɗin tsoro yake. Sharaɗin dai shi ne amincin. Da za a ce wa mai kallo abin da ke cikin allon yana bayan ƙofarsa da gaske, daɗi ya ƙare.

Na biyu shi ne daɗin kuɓuta. Wani masani mai suna Dolf Zillmann ya yi bayani a 1971 cewa tashin da jiki ke yi ba ya sauka nan take, ko da abin da ya tayar da shi ya wuce. Ragowar sai ta zuba cikin duk abin da mutum ya ji daga baya, ta ƙara masa ƙarfi. Saboda haka in an yi awa ɗaya da rabi ana matse zuciyar mai kallo, sannan aka kashe dodon, gari ya waye, sauƙin da zai ji ya ninka. Malam ya ce masu zuwa gidan kallon ƙwallo sun san wannan: cin da aka yi a minti na casa'in bayan an sha wuya ya fi ci huɗu da aka yi tun kafin hutun rabin lokaci daɗi.

Na uku shi ne atisaye. Ya ce a duba 'ya'yan kyanwa yadda suke kokawa da farautar juna, wasa ne amma shiri ne. Mai kallon fim ɗin tsoro yana tambayar kansa ne a ɓoye: in ni ne ya zan yi, ta ina zan fita, wa zan fara ɗauka? Yana kuma koyon riƙe kansa lokacin da gabansa ke faɗuwa. A 2020, lokacin kullen korona, wasu masana ƙarƙashin Coltan Scrivner sun tambayi mutum 310, suka tarar masu sha'awar finafinan tsoro sun ba da rahoton ƙarancin damuwa a kan sauran. Malam ya yi gargaɗin cewa irin wannan bincike bai tabbatar da cewa fim ɗin ne ya ba su juriyar ba, ta yiwu masu juriyar ne tun asali ke son kallon. Ya ƙara da cewa maganar saba wa kai da abin tsoro ba sabuwa ba ce wajen malaman Musulunci. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934 Miladiyya, ya ware babi a kan tsoro da firgita a littafinsa Masalihul Abdan wal Anfus, inda ya nuna cewa yawancin abin da mutum ke tsoro bai kai yadda yake zato ba, kuma yawan haɗuwa da abu na rage firgitarsa, kamar yadda mayaƙi da mai aikin jinya ke sabawa da ganin rauni.

Na huɗu shi ne nuna jarumta a gaban tsara. Ya ce da wuya yaro ya fara kallon irin wannan fim shi kaɗai. A cikin abokai ake farawa, kowa na satar kallon kowa a ga wa zai fara rufe ido. Ya kwatanta shi da shaɗin Fulani, inda saurayi ke tsayawa a zuba masa bulala yana murmushi yana duba madubi. Zillmann ɗin nan da abokansa sun yi gwaji a 1986, suka tarar samari sun fi jin daɗin fim ɗin in wadda ke kusa da su ta nuna tsoro, 'yan matan kuma sun fi jin daɗinsa in namijin ya dake. Da Malam ya faɗi haka sai wurin ya kaure da dariya. Ya ce saboda haka yaron da aka tarar yana kallo, sau da yawa gudun a kira shi matsoraci ne ya kai shi.

Ya rufe wannan ɓangare da maganar ma'auni. A Jami'ar Aarhus ta ƙasar Denmak akwai masu binciken da aikinsu ke nan, nazarin tsoron nishaɗi. A wani bincike da suka fitar a 2020 sun ɗaura wa mutum 110 na'urar auna bugun zuciya, suka shiga wani gidan da aka shirya musamman don tsorata masu biyan kuɗi. Natijar ita ce, in tsoron ya yi kaɗan ba daɗi, in ya yi yawa ma ba daɗi, daɗin na tsakiya. Malam ya ce kamar gishiri ne a miya. Kuma ma'aunin kowa daban, abin da wani zai kalla yana cin gyaɗa, shi zai hana wani barcin wata guda. Ba kuma ragwanta ba ce, halitta ce.

INDA GIZO KE SAƘAR

Malam ya ce duk abin da ya faɗa a baya a kan baligi ne mai lafiya wanda ya zaɓa da kansa. Matsalar tana wurare uku.

Wuri na farko yara. A 1999 wasu masana biyu, Kristen Harrison da Joanne Cantor, sun tambayi ɗaliban jami'a kimanin 150 a Amurka. Kusan kashi 90 cikin ɗari suka ce akwai abin da suka taɓa kallo da ya firgita su ƙwarai, kusan rabi suka ce ya taɓa musu barci ko cin abinci, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu kuma suka ce har lokacin da ake tambayarsu abin bai sake su ba, bayan shekaru. Waɗanda suka kalla suna ƙanana su abin ya fi daɗewa a jikinsu. Dalili kuwa, yaro ɗan ƙasa da shekara bakwai bai gama raba gaskiya da ƙirƙira ba. Ce masa "ai fim ne" bai cika amfani ba, domin shi mummunar fuskar ya gani. Wanda ya haura goma kuma ya fi tsoron abin da ya san yana iya faruwa, kamar yanka da sata da mutuwar iyaye. Malam ya ce bambancin waya da kaka ke nan. Waya ba ta ganin fuskar yaro, ba ta sassautawa, tana gama wannan za ta miƙo masa wanda ya fi shi.

Wuri na biyu, wanda ya riga ya ga tashin hankali da idonsa. Ya ce a garin nan akwai waɗanda suka ga rikicin 2000 da na 2002, akwai waɗanda suka kwana a hannun masu garkuwa, akwai yaran da aka gudo da su daga ƙauyukan Birnin Gwari da Giwa. Irin waɗannan maigadin ƙwaƙwalwarsu a tsaye yake kwana. Sharaɗin aminci da ke mayar da tsoro daɗi babu shi a wurinsu, ƙarar da ke ba wani nishaɗi su mayar da su dajin take yi. Ya roƙi samari da su ji tsoron Allah su daina tsokanar irin waɗannan da tura musu bidiyon razana da sunan wasa.

Wuri na uku, wanda ya ce shi ya fi damunsa, shi ne lokacin da tsoro ya fito daga allo ya sauka a kan maƙwabci. Ya ce a duba wa ake nunawa a matsayin mayya a yawancin finafinan nan. Tsohuwa ce, matalauciya, wadda mijinta ya mutu, ko kishiya, ko uwar miji. Yaro ya kalli wannan sau hamsin, sannan ya fito ya ga gwaggon da ke zaune ita kaɗai a ƙarshen layi. A kudu, masu kare haƙƙin yara sun daɗe suna zargin cewa fim ɗin End of the Wicked na 1999, wanda ya nuna yara na cin naman mutane cikin dare, ya taimaka wajen yaɗa ɗora wa yara maita a yankin Akwa Ibom, har jihar ta sa hukunci a kan haka a dokarta ta 2008. A Abuja a 2023 an yi ta dukan bayin Allah a kan titi bisa zargin satar mazakuta, 'yan sanda suka gurfanar da masu ƙaryar da dama. A watan Fabrairun 2025 kuma wata babbar kotu a Kano ta yanke wa mutum biyar hukuncin kisa saboda kashe wata dattijuwa 'yar shekara 67 a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Wudil a 2023, bayan matar ɗayansu ta ce ta gan ta a mafarki tana bin ta da wuƙa. Malam ya ce ba yana cewa fim ne ya kashe matar ba, zargin maita ya girmi silima. Amma mai zuba wa wuta fetur ba zai ce ba ruwansa don ba shi ya ƙyasta ashana ba.

A kan aljanu kuwa, ya ce samuwarsu ba abin musu ba ce ga Musulmi, sura guda ke ɗauke da sunansu. Amma abin da ake gani a Siccin ɗan wasa ne da aka shafa wa fenti, da dabarar kwamfuta, wanda ya shirya kuma kasuwa yake nema. Abin takaici ne yaro ya ɗauki iliminsa na gaibu daga ɗan kasuwa, har ya zama yana tsoron aljani fiye da Wanda ya halicci aljanin. Ya tunatar da cewa Imam Gazali a cikin Ihya ya kasa tsoro kashi uku, gajere da matsakaici da wanda ya wuce iyaka, ya nuna na tsakiyar ne abin yabo, wanda ke tura mutum ga aiki. Wanda ya hana yaro fita alwala kuwa ya wuce iyaka.

TAMBAYOYI

Wata uwa ta aiko da takarda daga ɓangaren mata tana cewa, Allah gafarta Malam, ɗanta ɗan shekara tara ya kalli irin wannan fim, yau kwana goma ba ya barci sai a ɗakinta, mahaifinsa kuma na cewa a rufe shi a ɗaki shi kaɗai ya saba. Malam ya amsa da cewa Hajiya ta ba Alhaji haƙuri, rufewar ƙara abin za ta yi. A bar masa fitila, a zauna da shi ya faɗi abin da ya gani da bakinsa da rana, kada a yi masa dariya. A nuna masa yadda ake yi wa 'yan wasa kwalliyar dodo, irin bidiyon nan na nan da yawa. A riƙa yin addu'ar barci tare da shi. Sannan a janye a hankali, yau a bakin gadonsa, gobe a bakin ƙofa, jibi a tsakar gida. In an wuce wata guda abin na ƙaruwa, ko ya daina cin abinci, ko ya koma fitsarin kwance, a kai shi asibiti, ga asibitin ƙwaƙwalwa na Tarayya nan a Barnawa, zuwa can ba ya nufin hauka.

Wani saurayi ya tambaya a kan dannau, ya ce tun da ya fara kallon finafinan yake jin ana danne shi cikin dare. Malam ya ce a lokacin mafarki jiki na kulle gaɓoɓi don kada mutum ya tashi ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali kan farka kafin a buɗe kullen, sai mutum ya ji ya kasa motsi, ƙirji ya yi nauyi, ragowar mafarki kuma ta cika masa ɗaki da abin da ya kwanta da shi a rai. Ƙarancin barci da kwanciya rigingine na ƙara shi. Ya ce wa saurayin ya ajiye waya awa guda kafin barci, ya yi alwala, ya kwanta ta gefen dama, ya dawo bayan sati biyu ya ba shi labari.

Wani dattijo ya ce shi a ganinsa a hana gaba ɗaya a huta. Malam ya ce, Baba, ga ƙananan yara maganarka dutse, kuma duk fim ɗin da ke ɗauke da tsiraici ko koyar da tsafi hukuncinsa a fili yake ga babba da yaro. Hukumar tace finafinai ta ƙasa, wadda aka kafa a 1993, tana sa alamar shekaru a kan finafinai, jihar Kano ma na da tata tun 2001, amma ba hukumar da ke shiga ƙarƙashin bargon yaro da ƙarfe ɗayan dare. Wannan aikin iyaye ne: kada waya ta kwana a ɗakin yara, kuma yayye su san amana ce a hannunsu. Sai dai ya ce ƙishirwar da ke kai yaro ga fim ɗin ba za ta tafi don an ƙwace waya ba. Yana son abin da zai sa gabansa ya faɗi, ya kuma ga ya iya. A ba shi ta hanyar da ta dace, a sa shi wasan motsa jiki, a yi tafiya da shi, a ba shi tarihin mazan jiya. Ya tambayi iyayen da ke wurin, wa ya yi wa ɗansa tatsuniya a wannan shekarar? Hannu uku kacal aka ɗaga.

Ana dab da kiran Magariba shugaban makarantar ya yi godiya ga Malam da mahalarta, ya sanar da cewa za a riƙa ware daren Juma'a ɗaya a wata ana gayyato tsofaffin unguwa su yi wa ƙananan ɗalibai tatsuniya a harabar makarantar. Limamin unguwa ya rufe taro da addu'ar Allah ya shirya zuriya, ya kuɓutar da waɗanda ke hannun masu garkuwa, ya zaunar da jihar Kaduna da ƙasa baki ɗaya lafiya.